Awon da bai faɗo kan ranarsa ba: a zubar ko a ƙirga?

Dakta: Ni dai a gwajin maganin zazzaɓin cizon sauro, duk awon da aka yi ba a ranar da aka tsara ba, a ajiye shi gefe. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake: bayan an fara ba da magani, a auna mara lafiya rana ta 1, 2, 3, 7, 14, 21 da 28, wasu magungunan har ta 42.

Sista: Dakta, wa kake zaton ke zuwa rana ta 10? Uwa ce da ɗanta ya kwana jiki zafi rau, ta goyo shi tun asuba, ko karyawa ba ta yi ba. Tsarin da kansa ya ce a dawo kowace rana in ciwo ya tashi. Ka zubar da awonsa, ka zubar da yaron da magani bai kama ba.

Ɗalibi: To ai sai a haɗa duka a fitar da matsakaici, ko Malam?

Malam: A'a, nan ma akwai rami. Ɗauki awon yawan jini a jiki. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ana ta kawo shi, sai ka same shi sau goma a takarda. Wanda ya warware kuwa, damina ce, uwarsa na gona, sau biyar kawai ya zo. In ka haɗa kai tsaye, marasa lafiya sun rinjayi lissafin, magani ya fito kamar ba ya aiki. Shi ya sa wasu masu bincike, Lin da Scharfstein da Rosenheck, suka kawo dabara a 2004: a ƙiyasta yawan zuwan kowa, mai yawan zuwa a rage wa kowane awonsa nauyi.

Dakta: Na ji, Malam. Amma dabarar tana tsayawa ne in kun san abin da ke kawo mutum asibiti. In ba a rubuta ba fa?

Malam: Wannan gaskiyarka ce, ban musa ba. Lissafi ba ya gyara abin da ba a tattara ba.

Sista: Abin da nake ta faɗa ke nan tun bara. Takardar da muke cikewa ba ta da gurbin dalilin zuwa. A ƙara shi kafin a ɗauki yaro na farko: ranarsa ce, ciwo ne ya kawo shi, ko mu muka bi shi gida.

Dakta: Gurbin na yarda da shi. Babban sakamako kuwa, ina nan kan ranakun tsari.