Aikin tace bidiyo ya tsaya mini, faifan ajiya kuma ya fara ƙara

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku cikin gaggawa. Na karɓi aikin tace wani shirin tattaunawa da aka ɗauka da kyamara biyu a 4K (ma'aunin hoto mai tsananin tsabta), ga kuma wasu sassa da aka ɗauka da waya. Kwamfutar da nake aiki da ita yayana ne ya bar mini lokacin da ya sauya tasa, kuma tun da na karɓe ta ba ta taɓa ba ni kunya ba, domin da ita na koyi wannan sana'a, da ita kuma na yi duk ayyukan da suka sa mai wannan shirin ya amince da ni. Yanzu hoton yana tsayawa yana ci gaba, murya tana riga leɓe a sassan waya, jiya kuma da na buɗe aikin sai manhajar ta ce ba ta ga fayilolin ba. Idan na zo fitar da bidiyon zuwa filas, sai ya katse kafin ya kammala. Komai yana kan faifan waje mai terabait 2, wanda ya fara wata 'yar ƙara ƙas-ƙas. Hankalina a tashe yake.

Memba na farko: Wa alaikumus salam. Malam, matsalarka faifan ne, babu wata. Faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 120 a daƙiƙa, alhali SSD, wato ma'ajiya marar ɓangare mai juyawa, irin na SATA yana kaiwa kusan 550, irin na NVMe kuwa dubbai. Idan ma a ramin USB 2.0 ka jona shi, ko 40 ba za ka samu ba. Ka sayi SSD, ka huta.

Memba ta biyu: Ban yarda faifan ne ya jawo tsayawar hoton ba. Bidiyon da aka ɗauka a megabit 100 a daƙiƙa megabait 12.5 kawai yake buƙata (megabit 8 ne megabait ɗaya), kyamara biyu ke nan 25, kuma wannan bai fi ƙarfin faifan ba. Idan fayilolin H.265 ne, wato wani tsarin matse bidiyo, kwamfutar ce take wahala wajen warware su, domin tsarin ba ya ajiye kowane firam cikakke, sai ta lissafo shi daga na kusa da shi. Ka sa manhajar ta yi maka kwafi marar nauyi ka yi aiki da shi, za ta koma kan na asali lokacin fitarwa. Batun murya kuma, waya takan sauya yawan firam a daƙiƙa tana cikin ɗauka, saboda haka ka mayar da sassan zuwa tsayayyen adadi da HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo. Wane tsari ne fayilolin naka?

Memba na farko: Hajiya, kwafin da kike magana a kai ina zai ajiye shi? A kan faifan da yake ƙara? Na daɗe a wannan aiki, kuma duk wanda ya zo mini da irin wannan kuka, SSD ne ya share masa hawaye.

Memba na uku: Ni abin da yake ɓata mini rai shi ne masu kawo aiki. Wani ya taɓa kawo mini katin kyamara, fayilolin duk suna ɗaya, ya kuma matsa mini lamba, da aiki ya yi jinkiri sai ya ɗora mini laifi a gaban mutane. Har yau bai cika mini haƙƙina ba.

Memba na huɗu: Ɗan'uwa, ka dakatar da komai ka kwafe fayilolin asali zuwa wani faifan yau ɗin nan, domin wannan ƙarar alama ce ta faifai yana dab da mutuwa. Katsewar fitarwa kuwa, ka duba ko a gigabait 4 take tsayawa. Idan haka ne, filas ɗin yana kan tsarin ajiyar fayil na FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil da ya kai wannan girman, sai ka mayar da shi tsarin exFAT bayan ka kwashe abin da ke ciki, domin zai goge. Ɓacewar fayiloli kuma mai yiwuwa harafin faifan ne ya sauya daga E zuwa F da ka jona filas ɗin kafin shi.

Mai tambaya: Na gode muku ƙwarai. Amma faifan nan bai taɓa cinye mini fayil ko ɗaya ba, kuma ƙarar ba kullum yake yin ta ba. Kwafe kusan terabait guda zai ci mini sa'o'in da ba ni da su, kwafi marar nauyi kuma ina tsoron ya rage wa mai aikin ingancin hoto.

Memba ta biyu: Ba zai rage ba, na riga na yi bayani. Har yanzu ba ka faɗi tsarin fayilolin ba, ba ka kuma ce ko katunan kyamarar suna nan ba.

Memba na farko: Ka sayi SSD, Malam.

Mai tambaya: Katunan an riga an goge su an ɗauki wani aikin. Shin akwai hanyar da zan fitar da bidiyon a daren nan ba tare da na taɓa faifan ba?