Muhawara: Shin mai naƙuda tana buƙatar 'yar rakiya bayan ungozoma?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke aure a Amurka ta ɗauki wata mata da suke kira doula, wadda ba ta karɓar haihuwa kuma ba ta ba da magani, aikinta kawai ta zauna da mai naƙuda tana murza mata baya, tana tausar zuciyarta. A ganina ɓarnar kuɗi ce, tunda akwai ungozoma a asibiti.

Sista: Wa alaikumus salam, Yaya, amma ban yarda ba. Ungozoma ɗaya takan kula da mata da yawa a dare guda, hankalinta yana kan bugun zuciyar jariri da hawan jini da zubar jini, ba ta da sararin riƙe hannun kowa tun daga fara naƙuda har a sauka. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai nazarin binciken kiwon lafiya, ta tattara bincike 26 da suka shafi mata fiye da 15,000, aka ga waɗanda aka zauna da su ba tare da an bar su su kaɗai ba sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu ta fi gajarta, kuma tiyata ta ragu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta shiga da wanda ta zaɓa.

Gwaggo: 'Ya'yana, wannan ai ba baƙon abu ba ne. Me ya sa ake kai mai cikin fari goyon ciki gidan iyayenta? Uwa takan yi kara ta ja gefe, sai inna ko kaka ta tsaya a kanta, ta goge mata gumi, ta ci gaba da ita har wankan jego. Asibiti ne ya tsayar da mu a bakin ƙofa.

Sista: Gaskiya ne, Gwaggo, sai dai akwai dalili. Ɗakin haihuwarmu gadaje ne a jere, wani wurin babu ko labule, kuma na sha ganin 'yar rakiya ta ɓoye jiƙo a cikin mayafi tana ɗura wa mai naƙuda, ko ta sa ta nishi tun mahaifa ba ta gama buɗewa ba. Wadda aka horar ta san iyakarta.

Maman Biyu: To, a koya wa 'yar rakiyar tun lokacin awo, a saka labule tsakanin gadaje. Zaman na amince da shi, biyan baƙuwa ne har yanzu bai kwanta mini ba ga wadda danginta suke kusa.