Musayar waƙa: Yanki ɗaya, jam'iyya ɗaya

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa, yau batun jam'iyya ɗaya ta kankane yanki za mu taɓa, na buɗe da amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Zaɓen 1959 ya kamata mu yi tunawa.
NPC mai fartanya ta riƙe Arewa,
Kujeru 134 ta kwashe ba sassautawa.
A Yamma AG ta Awolowo ke taka rawa,
A Gabas zakaran NCNC ta Azikiwe ne ke ta carawa.
Takwas kacal NEPU ta Aminu Kano ta iya samowa,
To wanda aka zalunta ina za shi kokawa?

Goggon Zariya:
Ɗana ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi wallahi, mu da muka taso muna jin labarin nan a bakin iyaye.

Tun 1950 NEPU ta ce ba ta yarda ba,
Malam Aminu na gaba, takensu Sawaba.
'Yan doka da alƙalan En'e ba su ƙyale su ba,
An sha bulala da kurkuku, ba su ja da baya ba.
Gambo Sawaba ta sha ɗauri, ba sau ɗaya ba,
A lokacin ko ƙuri'a ba a ba matan Arewa ba.
Su Tarka a ƙasar Tibi ba su sunkuya ba,
Kar a ce duk Arewa ce ta so, ba haka ba.

Ɗan Damaturu:
Goggo Allah ya ƙara girma, amma ni fa a yi min uzuri, na yanzu daban ne da na da tunda ba wanda ya sa mana bulala, mu ne muke fita da ƙafarmu mu dangwala.

Mu Yobe da Barno tun 1999 layi ɗaya,
APP, ANPP, APC, suna kawai ya sauya.
PDP ta yi shekara 16 a Abuja tana juya,
Gidan gwamnatinmu ba ta kwana ba ko sau ɗaya.
Legas ma gida guda ke jan tafiya,
Anambra tun 2006 APGA ce sarauniya.
In jama'a na son abinsu, ina abin jayayya?

Ɗan Fagge:
Malam na ji ka, amma zo Kano ka gani.

A 1979 PRP mai mabuɗi ta ci Kano,
Rimi ya hau, NPN ta rasa abin gano.
2003 muka sauke gwamna yana kallo,
2023 NNPP ta zo ta juya allo.
Gwamnan da ya san ana iya kayar da shi,
Shi ne ke jin kukan talaka ya tashi.

Goggon Zariya:
Yawwa. Kuma abin da ke ban tsoro yanzu ya wuce yanki ma, ƙasar gaba ɗaya ake ja wuri guda, ku dubi 2025 kawai.

Gwamnan Delta ya bar lema ya ɗau tsintsiya,
Akwa Ibom da Inugu suka bi shi a baya.
Jama'a sun zaɓi jam'iyya, an sauya musu hanya,
Wa ya tambaye su kafin a yi wannan tafiya?
A zaɓen ƙananan hukumomi kuwa sai ka sha mamaki,
Jam'iyyar gwamna ta lashe ciyamomi kakaf a taki.
In firamare ita ce zaɓen, daliget ne masu gari,
Mai ƙuri'a ya sha rana, an gama komai tun fari.

Ɗan Damaturu ɗana, faɗa min tsakani da Allah, a ƙaramar hukumarku yaushe rabon ɗan adawa ya ci ko kansila? Ka amsa da "ri", ina jira.