"Zuwa da kai ya fi saƙo": har da wasiƙar hannu?

Ɗan Ƙofar Sauri: Salamu alaikum. Jiya ina gyara adakar Innarmu na ci karo da wasiƙun da Baba ya aiko mata daga Laberiya a 1991, lokacin yana cikin sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun jiyan karin maganar nan ke yi mini yawo a ka. Shin ta hau kan takardar da mutum ya rubuta da hannunsa?

Malam Na-Gobarau: Wa alaikumus salam. Ta hau mana, ɗana. Mai biko ko mai ta'aziyya, in yana da ƙafa ya aiko takarda, ai raini ne. Takarda ba ta cire takalmi a zaure, ba ta durƙusa ta gai da manya.

'Yar Daura: Allah gafarta Malam, ni a ganina saƙon da magabata ke nufi na baka ne, wanda ɗan aike zai rage ko ya ƙara masa gishiri. Kakana da ajami yake rubutu. Shi ke feƙe alƙalaminsa na kara, ya haɗa tawadarsa da ƙaro, ya sa wasulla da ja. Da mun ga yadda aka ja wutsiyar harafin nun-ara mun san shi ne, tun ba a karanta ba. Ranar da ya rubuto mana rasuwar ƙaninsa, layukan duk sun karkace, wuri biyu tawada ta baje. Mahaifiyata na buɗewa ta fashe da kuka. Wane ɗan aike zai kawo wannan?

Malam Na-Gobarau: 'Yata, to masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya fa? Tsohuwa ta faɗa, wani ya rubuta, kowa "bayan gaisuwa mai tarin yawa", hannu ɗaya ga mutum hamsin.

'Yar Daura: Waɗannan kam na ba ka, Malam. 'Yan aike ne masu biro.

Ɗan Ƙofar Sauri: Kun sa na koma na sake dubawa. Biyu daga ciki wani ne ya rubuta masa, rubutu tsaf kamar na malamin makaranta. Ta ukun hannunsa ce, bokon da ya koya da girma, haruffa manya-manya, ya danne biron har ya huda takardar wajen sunan Inna. Biyun nan a ambulan suke, ko lanƙwasa babu. Ta ukun ce ta naɗe cikin tsohon kallabinta, ninkin ya cinye har ta liƙe shi da salatif.