Muhawara: Yaƙin ƙwatar 'yanci yana 'yanta mata?

Malamin Tarihi, Kawo: Ni dai na ce yaƙin ƙwatar 'yanci aron mata yake yi, idan ya gama ya mayar da su madafa. Ku dubi Aljeriya, 1954 zuwa 1962. 'Yan mata irin su Zohra Drif suka yi shigar Turawa, suka wuce shingen sojan Faransa da bom a jaka. Na ƙauye kuwa su ne masu girki da jinya da ɓoye mayaƙa. Da aka ci nasara, majalisar farko mata 10 ne cikin kusan 200. A 1984 aka kafa dokar iyali da tsofaffin mayaƙan nan mata suka yi ta adawa da ita. An ci moriyar ganga ke nan.

Anti Nas, Barnawa: Malam, ka tsinci wadda ta yi maka daɗi. Ina ka bar Eritiriya? Kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan EPLF, ƙungiyar da ta yi yaƙin ƙwatar 'yancin ƙasar, mata ne, har tankar yaƙi suka tuƙa. Tun 1977 ƙungiyar ta hana auren dole a cikinta.

Malamin Tarihi, Kawo: Anti, ƙarasa labarin mana. Bayan an ci nasara an shiga Asmara, babban birnin ƙasar, a 1991 da yawansu saki ya biyo baya. Dangin miji suka ce wadda ta saba da bindiga ba ta iya ladabin suruka ba.

Maman Ummi, Tudun Wada: Ku kuna ƙirga kujerun majalisa, ni cikin gida nake dubawa. Na san namu na basasa ne, ba juyin juya hali ba, amma da kakanmu ya tafi fagen daga a 1967, kakarmu da ko kuɗin cefane ba ta taɓa riƙewa ba ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida. Kuɗin tana ƙulle su a bakin zani, da su ta riƙe yara 5. Ya dawo a 1970 ya karɓi girmansa, amma har ya rasu ba a sayar da ko akuya a gidan ba sai an ji ta bakinta. Wannan Malam a wane littafi zai gan shi?

Ɗan Autan Zaure, Rigasa: Yaya, to ai talauci ne ya fitar da ita, ba 'yanci ba.

Maman Ummi, Tudun Wada: Ko ma mene ne ya fitar da ita, ƙanena, ba ta koma yadda take ba.

Anti Nas, Barnawa: Amma fa a nan zan ɗan bi bayan Malam. Hajiya Gambo Sawaba ba ta ɗauki bindiga ba, NEPU ta shiga a Zariya, ta sha duka da kurkuku kan ƙuri'ar matan Arewa. Sai 1976 aka ba mu, kuma ba wanda ya ƙwace ta har yau.

Malamin Tarihi, Kawo: Alhamdu lillahi, Anti ta dawo hanya.

Anti Nas, Barnawa: Ban dawo ba, Malam. Tambayar Maman Ummi tana nan ba ka amsa ba.