Neman shawara: shin zan iya sa ɗan riƙona a takardar haraji a Amurka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni da maigidana muna zaune a jihar Ohio, kuma a watan Agustan 2024 hukumar kula da yara ta ba mu riƙon wani yaro ɗan shekara 7, wanda ya shigo gidanmu da kayansa a cikin leda ɗaya. Yanzu lokacin cike haraji ya yi, sai wani ya ce mana ba mu da damar sa shi tunda bai cika wata shida a hannunmu ba. Ina kuma tsoron mahaifiyarsa ta riga mu amfani da lambarsa ta Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa).

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Abin da hukumar harajin Amurka, wato IRS, take fara dubawa shi ne ko hukuma mai izini ko kotu ce ta ba ku yaron, kuma naku ya cika wannan sharaɗi. Gaskiya ne ana son yaro ya zauna da ku fiye da rabin shekara, amma ɗan riƙon da aka kawo cikin shekarar, ana fara lissafinsa ne daga ranar da aka miƙa shi, saboda haka idan tun Agusta gidanku ne gidansa, kun tsallake. Kuɗin da jiha take ba ku domin ci da suturarsa ba a cire musu haraji. Idan yana da lambar Social Security, rangwamen haraji na yara na 2024 yana kaiwa dala 2,000.

Amsa ta biyu: Yaya, ni abin da kike tsoro ya taɓa faruwa da ni. Na tura takarduna ta intanet aka dawo da su, domin wani ya riga ya sa lambar yarinyar, sai na buga su na aika ta gidan waya, na adana takardar miƙa riƙo da ta makaranta mai ɗauke da adireshina. Ki tambayi ma'aikaciyar da ke kula da shari'arsa inda ya zauna daga Janairu zuwa Yuli, domin idan a wurin mahaifiyarsa ne, ita ma tana iya cika sharaɗin, kuma doka tana fifita iyayen da suka haifi yaro.

Amsa ta uku: Riƙo irin namu na gida, wanda aboki ke ba ka ɗansa ba tare da kotu ba, hukuncinsa daban ne, domin sai ya shekara cur a gidanka, rangwamen kuma dala 500 ne kawai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Gobe da safe zan kira ma'aikaciyar, kafin ranar ƙarshe ta miƙa takardar haraji, 15 ga Afrilu, ta ƙarato.