Yaro mai ƙiba, TSH ya hau, ga kitse a hanta: yaya ta kaya a naku?

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 10, ƙiba ta yi masa yawa tun yana ɗan shida. Makon jiya gwajin jininsa ya fito: TSH (sinadarin da ke umartar tairod, ƙullin da ke gaban wuya, ya yi aiki) ya ɗan hau zuwa 6.1, T4 (sinadarin da tairod ke fitarwa) daidai, amma ALT (awon da ke nuna ko hanta na shan wahala) ya haura 60, sikanin kuma ya nuna kitse ya kwanta a hantar. Raina ya ba ni tairod ne ya jawo komai, a ba shi magani mu huta. Likita ta ce a'a, mu dawo bayan wata uku. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni labari.

Abban Yara:
Wa alaikumus salam. Hajiya, har gardama na yi da likita a kan 'yata, nata TSH 5.8 ne. Sai ya ɗauko takardar awon tsayinta ya ce in duba. Yaron da tairod ɗinsa ya yi rauni da gaske, tsayinsa ne ke fara tsayawa, ita kuwa ta kere sa'o'inta. Ya ce kitsen jiki yana fitar da wani sinadari, leptin, wanda ke zuga ƙwaƙwalwa ta ƙara TSH. Ashe ƙibar ce ta ɗaga shi. Bayan shekara guda da ta ɗan rame, ya sauko da kansa, ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba.

Malamar Firamare:
Ni nawa ya sha bamban, shi ya sa nake cewa kada ki yi wasa da komawa. 'Yata kullum sanyi take ji, ga bayan gida mai tauri, ga barci a aji, shekara biyu rigar makarantarta ba ta ɗage mata ba. TSH 14. Aka yi gwajin anti-TPO (mai nuna ko garkuwar jiki na kai wa tairod hari), aka ce ciwon Hashimoto ne, garkuwar jikinta ke cin tairod ɗin. Tana shan levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin tairod, kowace safiya kafin ta ci komai. Kuzarinta ya dawo, tsayi ya tashi, alhamdulillahi. Amma 'yar'uwa, ƙibar kaɗan ta ragu, hantar ma sai da muka yi mata aikinta daban.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya, ni hantar ce ta fi tsaya min a rai. Ba ta ciwo, ba ta kuka, sai ta yi shekaru tana tara tabo shiru. Tun 2017 ƙungiyar likitocin hanta da hanjin yara ta Arewacin Amurka ta ba da shawarar a fara auna ALT ga yara masu ƙiba tsakanin shekara 9 zuwa 11, iyakarsa 26 ga namiji, 22 ga mace. Na ɗanki ya ninka, dalilin sake gwajin ke nan. Ki tambaya ko an duba hepatitis B, don ba kowane hawan ALT ne kitse ba. In kin ga an rubuta MASLD kada ki firgita, sabon sunan ciwon kitse a hanta ne tun 2023. Akwai alaƙa ta gaske tsakanin gaɓoɓin biyu, sinadarin tairod ne ke taya hanta ƙona kitse. Maganin resmetirom da Amurka ta amince da shi a 2024 ta wannan hanya yake aiki, amma na manya ne. Ɗan yayata kuwa jiƙon rage teɓa aka ɗirka masa, ALT ɗinsa ya ƙara tashi. Ki yi nesa da irin waɗannan jiƙe-jiƙe.

Kakar Gida:
'Yata, abin da har yau yake cina shi ne yadda na riƙa dirje wuyan jikana da soso, ina yi masa faɗan ƙazanta. Ashe baƙin da ke wuyansa alama ce ta jikinsa ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata. Da muka ware masa kwanonsa shi kaɗai, ɓoyewa yake ya ci yana kuka. Sai da gidan gaba ɗaya muka bar lemon kwalba da duk wani abin sha mai sukari, muka riƙa fita tattaki tare da yamma, sannan ALT ya fara sauka. Wata takwas muka ɗauka.

Maman Tagwaye:
Allah Ya saka muku da alheri. Mama, wallahi wuyansa haka yake, jiya ma na dirje shi. Zan nuna wa likita, in tambaye ta anti-TPO da gwajin sukari. Abban Yara, awon tsayin nan kowane wata nawa kuke yi?